Me Ya Sa Kwamfuta Takwas Ba Sa Gano Hujja a Kwana Ɗaya?

A ranar 10 ga Oktoban 1996, wata manhaja mai suna EQP ta warware wata tambayar lissafi da ta gagari masana fiye da shekara 60. William McCune ne ya rubuta manhajar a cibiyar bincike ta Argonne da ke kusa da Shikago a Amurka. Tambayar kuwa ta Herbert Robbins ce tun 1933: ya jera wasu ƙa'idoji uku, ya ce shin su kaɗai sun isa a gina aljabarar Boole a kansu, wato lissafin "e" da "a'a" wanda daga baya ya zama ginshiƙin kowace kwamfuta? Manyan masana irin su Alfred Tarski sun taɓa ta, ba su kai ga gaci ba. EQP ta shafe kimanin kwana 8 tana lalube a kan kwamfuta guda, sannan ta fito da hujjar cewa amsar e ce.

Duk wanda ya ji wannan labari, abin da zai fara zuwa masa shi ne: to da an haɗa kwamfuta takwas, ai kwana ɗaya ya isa. Masu bincike sun fi shekara 30 suna kan wannan tunani, abin da suka gano kuma bai bi lissafin raba takwas gida takwas ba. Wani lokaci kwamfuta takwas ɗin su gama cikin sa'o'i kaɗan, fiye da yadda lissafi ya nuna. Wani lokaci su daɗe fiye da guda ɗayar. Wani lokacin kuma su yi ta aiki har ma'adanarsu ta cika ba su samo komai ba. Dalilin wannan rashin tabbas yana cikin yadda injin neman hujja yake aiki, don haka sai an leƙa cikinsa tukuna.

Wanda ya yi karatun manɗiƙi a zaure ya san ƙiyasi: a kawo muƙaddima biyu, natija ta fito dole. Manɗiƙin mataki na farko, wanda shi ne fagen waɗannan manhajoji, faɗaɗa wannan ne. Yana da damar cewa "ga kowane abu" da "akwai wani abu", yana kuma iya bayyana alaƙa tsakanin abubuwa, kamar wane uban wane ne, ko wannan lamba ta fi waccan. Da wannan ɗan kayan aiki ana iya rubuta mafi yawan lissafin da ake koyarwa a jami'a, ana kuma iya rubuta sharuɗɗan da ake son wata manhaja ko wata na'ura ta cika. Kurt Gödel ya nuna a 1929 cewa duk da'awar da ta biyo bayan muƙaddimominta dole a wannan manɗiƙi, to tana da hujja mai iyakantattun matakai. A 1936 kuma Alonzo Church da Alan Turing, kowa ta hanyarsa, suka nuna ɗaya fuskar: babu wata hanya ta inji da za ta yanke hukunci a kan kowace da'awa. Idan aka haɗa biyun, ga halin da ake ciki. In da'awar gaskiya ce, injin da ke lalube bisa tsari zai riski hujjar wata rana, sai dai ba wanda zai ce maka gobe ne ko bayan shekara dubu. In kuwa ba gaskiya ba ce, yana iya yin ta lalube har abada ba tare da ya ce uffan ba. Mai zaune gaban kwamfutar ba shi da hanyar bambance "saura kaɗan" da "babu ita sam".

Dabarar da ta buɗe fagen ita ce wadda Alan Robinson ya wallafa a 1965. Ana ɗaukar abin da ake son tabbatarwa a ƙaryata shi, a zuba shi cikin muƙaddimomi, sannan a yi ta haɗa jimloli biyu-biyu ana soke kishiyoyin da ke cikinsu, har a kai ga tufka da warwara. Da zarar an kai nan, ƙaryatawar ta rushe, da'awar ta tabbata. Ga ƙaramin misali. An ba inji cewa duk wanda ya haifi mahaifin mutum kakansa ne. An ba shi cewa Musa ya haifi Audu, Audu kuma ya haifi Binta. Ana son ya tabbatar Musa kakan Binta ne. Sai ya fara da cewa "Musa ba kakan Binta ba ne". Ya gwama wannan da ƙa'idar farko, ya samu sabuwar jimla: "ga kowane mutum, ko dai Musa bai haife shi ba, ko shi bai haifi Binta ba". Ya gwama wannan da "Musa ya haifi Audu", sai ya rage "Audu bai haifi Binta ba". Wannan kuwa ta ci karo da abin da aka ba shi tun farko. Mataki uku, magana ta ƙare.

Mu da muke karantawa mun san waɗanne jimloli ya kamata a gwama, domin mun ga inda aka dosa. Inji bai gani ba. Idan muƙaddimomin sun kai dubu, kowace sabuwar jimla tana iya haɗuwa da ɗaruruwan da suka riga ta, 'ya'yan da aka samu su ma su haɗu da juna, cikin 'yan mintuna jimloli sun kai miliyoyi, alhali hujjar da ake nema ba ta buƙaci fiye da hamsin ko ɗari daga cikinsu ba. Tsarin da mutanen Argonne suka kafa don shawo kan wannan ambaliya, wanda manhajar Otter ta McCune ta yaɗa shi, har yau shi manyan injuna ke bi. Ana ajiye tuli biyu: na jimlolin da aka riga aka sarrafa, da na masu jiran layi. A kowane zagaye a zaɓi jimla ɗaya tak daga masu jira, wadda ake ganin ta fi alamar amfani, galibi mafi gajarta ko mafi daɗewa. A gwama ta da duk na tulin farko, a tace abin da aka haifa, a tura masu tsira layin jira, ita kuma ta koma tulin farko. A sake zagayowa.

Tacewar nan ita ce ran aikin, ita ce kuma ke hana rabo tafiya daidai. Injin kirki yana kashe kaso mai yawa na lokacinsa wajen zubar da jimloli. Idan ya riga ya san "kowane mutum zai mutu", to jimlar "Audu zai mutu ko kuma yau Talata" ba ta ƙara masa komai ba, sai ya shafe ta. Idan ya gano cewa lamba in an tara ta da sifili ba ta canzawa, sai ya koma cikin tulin baya ya gyara duk inda aka rubuta "kaza a tara da sifili" ya mayar da shi "kaza". Wannan gyara na iya sa jimloli dubbai su zama maimaicin juna, su ma a share su, wasu kuma su gajarce har su zama sababbin ƙa'idojin gyara, su sake jawo wata sharar. Donald Knuth da Peter Bendix ne suka aza tubalin wannan a 1970, Leo Bachmair da Harald Ganzinger kuma suka ba shi cikakken tsari a farkon shekarun 1990, inda suka fayyace wace jimla ce za a iya jefarwa ba tare da an yi asarar hujjar ba. Injin da ba ya wannan shara ba ya zuwa ko'ina, musamman a matsalolin da ke da alamar daidai, irin ta Robbins.

A gayyar noma, in an raba wa mutum ashirin kunya-kunya, aiki na tafiya ninki ashirin ne saboda abin da wancan ya nome bai shafi kunyar wannan ba, gonar kuma tana da iyaka da kowa ke gani. Neman hujja ya saɓa wa wannan ta fuska biyu. Filin ba shi da iyaka, yana ma ƙaruwa ne yayin da ake aikinsa. Sannan abin da ma'aikaci na uku ya gano yanzu-yanzu na iya nuna cewa duk abin da na bakwai ya shafe minti goma yana yi aikin banza ne. In ba a gaya wa na bakwai ba, zai ci gaba da haifar da jimloli daga jimlar da ta riga ta mutu, 'ya'yanta su cika masa ma'adana. In kuma aka ce duk abin da kowa ya gano sai kowa ya ji nan take, to lokacin zai ƙare a aike-aike da jiran juna.

Maria Paola Bonacina, wadda yanzu take Jami'ar Verona a Italiya, tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a kan wannan matsala, ita ce kuma ta kasa ƙoƙarin da aka yi gida uku gwargwadon girman abin da ake rabawa. Mafi ƙanƙanta shi ne a raba aikin cikin mataki ɗaya, misali daidaita jimloli biyu ko gyara jimla guda. Wannan bai kai ko'ina ba, domin kowane irin wannan aiki ɗan mitsitsi ne, kafin a miƙa shi ga wata ƙwaƙwalwa, wato wani sashen lissafi na kwamfuta, a karɓo amsa, da an riga an gama shi a gida. Ga shi kuma injunan zamani sun ƙware wajen jera jimlolinsu cikin fihirisa mai rassa, ta yadda tambaya ɗaya ke tantance dubbai a lokaci guda. Wannan ne ma ya sa katunan zane, wato na'urorin sarrafa hoto na kwamfuta (GPU), da suka kawo juyin juya hali a fasahar ƙirƙirarriyar basira ba su yi wa wannan fage irin wannan rana ba: su sun fi son lissafi iri ɗaya a kan dogon jerin lambobi, jimlolin manɗiƙi kuwa kowace da tsayinta da rassanta.

Mataki na biyu shi ne a bar tuli ɗaya a tsakiya, ma'aikata da yawa su riƙa ɗiba daga ciki. Haka ROO ta yi, wato Otter da aka mayar mai hannu da yawa, aikin Ewing Lusk da McCune da John Slaney a farkon shekarun 1990. Maimakon jimla ɗaya a kowane zagaye, kowace ƙwaƙwalwa ta ɗauki tata. A wasu matsaloli saurin ya ƙaru sosai. Amma komawa baya a gyara tsofaffin jimloli ba ya yiwuwa a bar kowa ya yi shi gaba gaɗi, domin wani na iya share jimlar da wani ke tsakiyar aiki da ita. Sai aka keɓe wannan aiki ga ma'aikaci ɗaya a lokaci guda, shi kuma ya zama ƙofar da kowa ke cunkoso a bakinta, musamman inda gyaran ya yi yawa. Gene Amdahl ya riga ya faɗi lissafin irin wannan tun 1967: in kashi 10 cikin 100 na aiki dole a yi shi bi da bi, to ko ƙwaƙwale miliyan aka kawo, saurin ba zai wuce ninki 10 ba. A neman hujja, ɓangaren da ya zama dole a yi bi da bi shi ne daidai ɓangaren da ya fi amfani.

Akwai wani dangin injuna da ba sa tara tuli, suna bin reshe ne daga abin da ake nema su koma baya zuwa muƙaddimomi, in reshe ya toshe su dawo su kama wani. Waɗannan sun fi sauƙin rabawa, tunda kowa na iya kama reshensa. PARTHEO ta Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus, wajen 1990, da METEOR ta Jami'ar Duke a Amurka, duk a kan wannan suka ginu. Sai dai sauƙin rabon ya zo ne daga rashin ajiyar abin da aka gano, don haka ma'aikata daban-daban kan yi ta tabbatar da ƙaramin abu ɗaya sau ba adadi, ga kuma rauni a matsalolin daidaito.

Mataki na uku, wanda ya fi jan hankalina, shi ne a ba kowace kwamfuta cikakken injinta da tulinta, sannan a tsara yadda za su yi hulɗa. Bonacina da Jieh Hsiang sun ƙirƙiro wata hanya a farkon shekarun 1990 inda kowace jimla take da mai ita. Ana watsa jimloli ga kowa domin kowa ya yi shara da su a gidansa, amma haihuwar sababbi an raba ta bisa mallaka, ta yadda babu haɗin da zai faɗi ƙasa ba mai yinsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin in rabo ya bar ko da haɗi ɗaya mai muhimmanci ba mai shi, alkawarin cewa za a riski hujja in tana nan ya warware. Daga baya Bonacina ta ɗora wannan tsari a kan ita EQP ɗin, ta sa masa suna Peers-mcd, ta gwada shi a kan sassan matsalar Robbins. A wasu sassan saurin ya zarce adadin kwamfutocin da aka sa.

Ta yaya kwamfuta huɗu za su yi sauri fiye da ninki huɗu? Amsar ita ce ba aiki ɗaya suka raba ba. Da zarar an raba, jerin da ake bi wajen zaɓen jimloli ya canza, kowace kwamfuta na ganin filin ta wata kusurwa. Ƙa'idar gyara da injin kaɗaici ba zai riska ba sai a kwana na uku, wata daga cikin huɗun na iya cin karo da ita a sa'a ta farko, ta watsa wa sauran, duk hanyar ta gajarce. Wannan dalili ɗaya shi ke haifar da akasin haka ma, ranar da rabon ya jinkirta jimlar da ake buƙata. Ribar ta fito ne daga bambancin hanya, yawan hannu bai taka rawa sosai ba.

A Jami'ar Kaiserslautern a Jamus, Jörg Denzinger ya bi ta wata hanyar da manhajar DISCOUNT. Injuna da dama kowa da salonsa su yi aiki na ɗan lokaci ba mai magana da wani. Sai a tsaya a yi taro: wasu ƙananan manhajoji masu alƙalanci su auna wa ya fi ci gaba, su kuma tsamo 'yan jimlolin da suka fi daraja daga wurin sauran. A ɗauki tulin wanda ya fi, a ƙara masa waɗannan zaɓaɓɓu, a raba wa kowa, a sake sakin su. Ina ganin wannan tunani ya riga zamaninsa. Ya gane cewa tambayar ba ta tsaya ga a yi musaya ko kada a yi ba, ta kai ga me ya cancanci a aika, yaushe kuma.

Duk da haka, abin da ya yi nasara a aikace ya fi duk waɗannan sauƙi. Kowane babban inji yana da saituna masu yawa: yadda ake auna nauyin jimla, wace alama ce ta fi wata girma, sau nawa za a ɗauki tsohuwa maimakon gajera, waɗanne muƙaddimomi za a ajiye gefe tun farko. Kowane haɗin saituna salo ne guda. Gogewa ta nuna wani hali mai ban mamaki: in salo zai warware matsala, galibi cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake yi, in kuwa ya wuce wannan bai yi ba, ƙarin sa'a guda da wuya ya canza komai. Saboda haka ya fi riba a gwada salo 50 kowanne na ɗan lokaci da a ba salo ɗaya dukkan lokacin. Gandalf ta Tanel Tammet, ɗan ƙasar Estoniya, ta nuna ƙarfin wannan tun a shekarun 1990 a kan ƙwaƙwalwa ɗaya, tana yanka lokacinta gunduwa-gunduwa. Mutanen Munik suka kai shi kan kwamfutoci da yawa. Da saurin furosesa ya daina hauhawa wajen 2005, kamfanoni suka koma cusa ƙwaƙwale da yawa cikin guda, sai hanyar ta zama a buɗe: a saki salo takwas lokaci ɗaya, wanda ya fara kai wa ya ci, a kashe sauran.

A ƙaddara kowane salo yana da damar nasara ɗaya cikin biyar, kuma nasarar wannan ba ta da alaƙa da ta wancan. Salo takwas tare za su ba da dama kimanin kashi 83 cikin 100. Sharaɗin rashin alaƙar shi ne wurin wahala, domin salo biyu masu kama da juna tare suke ci, tare suke faɗi. Shi ya sa ainihin gwanintar ta koma wajen haɗa jadawali na salon da ke cike giɓin juna. Vampire, wadda Andrei Voronkov ya fara, aka kuma raine ta a Jami'ar Manchesta a Ingila, ta yi fice a nan: ana gwada ɗimbin salo a kan dubban matsaloli tun kafin gasa, a zaɓi jerin da ya fi rufe fili. E ta Stephan Schulz da iProver ta Konstantin Korovin su ma suna da nasu jadawalin. Ma'aunin da kowa ke komawa gare shi shi ne taskar matsaloli ta TPTP da Geoff Sutcliffe da Christian Suttner suka fara a 1993, da gasar CASC da ake yi duk shekara tun 1996, wadda Vampire ta daɗe tana mamaye babban rukuninta. A shekarun baya-bayan nan gasar ta koma auna lokacin agogon bango, ba jimillar lokacin aikin ƙwaƙwale ba, abin da ke nufin injin da ya bar ƙwaƙwale a zaune ya cuci kansa.

Ga mai amfani na yau da kullum ma haka abin yake. Wanda ke rubuta hujja a Isabelle, manhajar rubuta hujjoji da tantance su, in ya maƙale a wani mataki, yakan kira wata mataimakiyar manhaja mai suna Sledgehammer. Ita kuma sai ta tsamo muƙaddimomin da take ganin sun dace daga taskar Isabelle, ta aika wa injuna da dama lokaci guda, irin su E da Vampire da SPASS, ta jira ɗan lokaci. Wanda ya dawo da amsa, sai a sake gina hujjar a cikin Isabelle don a tantance ta. Wannan tantancewa tana magance wata damuwa ta gaske. Aikin da aka raba ba ya maimaita kansa daidai: yau ƙwaƙwalwa ta biyu ta riga ta biyar da ƙiftawar ido, gobe akasin haka, sakamakon ya bambanta. Wannan na wahalar da masu gyaran kurakuran manhaja matuƙa. Amma hujjar da ta fito, ko ta wace hanya aka same ta, jerin matakai ce da ƙaramar manhaja za ta iya bi ɗaya bayan ɗaya ta ce daidai ne ko ba daidai ba.

Ban ɗauki wannan tsere na salo a matsayin ƙarshen magana ba, kuma ina ganin bai kamata masu fagen su ɗauke shi haka ba. Ƙwaƙwale takwas sun yi aiki, an jefar da aikin bakwai daga cikinsu baki ɗaya, har da ƙananan sakamakon da wataƙila da sun kai ga na takwas da sun rage masa rabin tafiya. Ribarsa kuma tana saurin tsayawa: daga salo 1 zuwa 8 akwai babban tsalle, daga 100 zuwa 800 kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, saboda salon da suka bambanta da gaske ba su da yawa. Mafi muni, matsalar da ke da doguwar hujja ta gaske, wadda babu salon da zai cimma ta cikin minti biyar, tseren bai taimake ta da komai ba. Irin matsalar Robbins kenan, irinta ce kuma ta sa aka fara neman rabon tun asali.

Maƙwabtan wannan fage sun yi nisa, dubansu kuma na nuna inda gizo ke saƙa. A manɗiƙin da babu "ga kowane" a cikinsa, inda kowace alama e ce ko a'a, injunan da ke wannan aiki, waɗanda ake kira SAT, sun iya haɗin kai. ManySAT, wajen 2008, ta haɗa tseren salo da musayar gajerun jimlolin da kowa ya koya. Marijn Heule da abokan aikinsa suka fito da hanyar yanka matsala gida-gida tun farko, aka yi amfani da ita a 2016 wajen warware wata tambaya a kan lambobin Pythagoras: za a iya shafa wa lambobi daga 1 zuwa 7824 launi biyu ba tare da an sami uku masu cika ƙa'idar Pythagoras (a² + b² = c²) da launi ɗaya ba, amma a 7825 abin ya gagara. Ƙwaƙwale 800 na wata babbar kwamfuta a Teksas suka yi aikin cikin kimanin kwana 2, hujjar ta kai kusan terabait 200. Abin da ya ba su wannan dama shi ne filinsu na da iyaka. Ka ɗauki alama ɗaya, ka ce wannan ya bi inda take e, wancan ya bi inda take a'a, ka raba duniya biyu ba saura. Jimlar da wani ya koya kuma ma'anarta ɗaya a wurin kowa, tsayinta na ba da alamar darajarta. A manɗiƙin mataki na farko kuwa, jimla mai "ga kowane" tana wakiltar misalai marasa iyaka, ba a raba ta da wuƙa haka. Gajeriyar jimla ma na iya zama annoba, ta haɗu da komai ta haifi miliyoyi. Sannan kowane salo na iya jera alamominsa da tsarin girma daban, har abin da yake sauƙaƙawa a wurin wannan ya zama dagulawa a wurin wancan. Vampire ta matso kusa da duniyar SAT a 2014 da tsarin AVATAR, inda injin SAT ke kula da rarraba jimlolin da ke rabuwa zuwa sassa masu zaman kansu, amma wannan bai mayar da matsalar mai iyaka ba.

Akwai wurin da yawan kwamfutoci ke biya ba gardama, wato inda matsalolin ne da kansu suke da yawa. A Satumban 2024 Terence Tao ya ƙaddamar da wani aikin haɗin gwiwa a intanet: an jera ƙananan dokokin aljabara 4694, ana tambayar wacce ce ke haifar da wacce, tambayoyi 22,028,942 kenan. Kowace tambaya zaman kanta take, don haka ana iya watsa su ga duk kwamfutar da ta samu. Hanyoyin inji, ciki har da Vampire da Prover9 da Mace4 mai neman ƙananan misalan da ke rushe da'awa, biyun ƙarshe duk na McCune ne, suka share mafi rinjaye cikin ɗan lokaci, aka tantance sakamakon a Lean, wata manhajar tantance hujjoji. 'Yan kaɗan da suka rage su suka ci watanni, aka kammala a 2025. Da yawa daga cikin masu taurin kan nan da'awoyi ne da ba gaskiya ba, waɗanda misalin da ke rushe su sai an gina shi da abubuwa marasa iyaka. A irinsu injin neman hujja na iya yin ta lalube ba tsayawa, mai neman ƙaramin misali ma ba zai samu ba, sai da mutane suka zauna suka ƙera misalan da basirarsu. Wannan iyakar Church da Turing ce, ƙarin ƙwaƙwale ba ya matsar da ita.

Inda nake sa ran motsi shi ne a tambayar da Denzinger ya bari: wace jimla ce ta cancanci a aika wa maƙwabci? Alƙalansa na wancan lokaci da ƙa'idojin hannu suke aunawa, kamar sau nawa jimla ta yi amfani wajen gyara wasu. Yanzu akwai abin da ba shi da shi. Tun 2017 Jan Jakubův da Josef Urban a Prag suke koya wa E, ta tsarin ENIGMA, yadda za ta gane jimla mai amfani daga dubban hujjojin da aka riga aka samu, musamman daga taskar lissafi ta Mizar, sakamakon kuma ya nuna ana iya koyon wannan. An gina shi ne don zaɓen jimla a cikin inji guda, amma ma'aunin da ya iya cewa "wannan tana kama da waɗanda ke shiga hujja" shi ne dai abin da ake buƙata a bakin ƙofa tsakanin injuna biyu, ya bar goma su wuce ya tare miliyan. Sauran aikin shi ne a tabbatar cewa jimlar da ta shigo daga waje ba ta rushe tsarin girman alamomi na mai karɓa ba, a kuma iya ɗinke hujja ɗaya daga guntayen da suka fito daga ma'adanai daban-daban, ta yadda mai tantancewa zai bi ta daga farko har ƙarshe.